Magudanar Da Dabgi Ya Haƙa

An yi wani daji da Allah ya ajiye wa kanwa a ƙarƙashin wani tudu. Duk dabbobin dajin da ita suke gyara jiki. In babu ita, barewa ta rame, gada ta zubar da gashi.

Mai haƙar kanwar shi ne Dabgi. Farcensa kamar fartanya, magana kuwa sai an matsa masa. A tudun yake aiki, a tudun yake kwana. Akwai Burgu, mai zaƙin baki da faɗin kumatu, shi ke kwashe abin da Dabgi ya turo bakin rami ya kai wurin rabo. Akwai kuma Zabuwa, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Da can a fili ake tara kanwa, kowa na gani. Wata rana Dabgi ya leƙo daga rami, ya tarar Burgu ya kewaye wurin da zana. Ya jiyo muryar Zabuwa daga waje.

"Malam Burgu, wannan zanar ta mece ce?"

"Ta iska ce, Gwaggo. Ƙasa na ɓata mana kaya."

"To bari in leƙa."

"Harkar ma'adinai ba ta masu fukafuki ba ce. Je ki yi kiwonki."

Dabgi ya koma aikinsa.

Kullum in ya turo kanwa sai ya tambaya, "Ta ishe su?"

"Ina fa, Baba! Ba sa ƙoshi. Ƙara himma," in ji Burgu.

Dabgi ya ƙara himma har farcensa ya fara cinyewa. Sai ga shi ranar nan an kira shi taro a gindin marke. Ya tarar da fuskoki a murtuke.

Barewa ta fara magana. "Baba Dabgi, dubi haƙarƙarin 'ya'yana. Rabon da ake ba mu yanzu ko lasa ɗaya bai kai ba. Burgu ya ce tsufa ya kama ka, barci kake yi a rami."

"Ina haƙa," in ji Dabgi.

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ne."

Zabuwa ta yi tsalle ta hau reshe. "Ku tsaya. Shi ya ce yana haƙa, mu mun ce ba ma gani. Tsakaninsa da mu me ke akwai? Zana, da mai zana."

"Gwaggo, in aikina kike so, ki faɗa," in ji Burgu. "Sai dai ban san da wane hannu za ki ɗauki kwando ba."

Aka kwashe da dariya, aka ce Zabuwa ta cika surutu. Taro ya yanke hukunci: in damina ta sauka rabo bai ƙaru ba, Dabgi ya bar tudun. Dabgi ya dubi farcensa. Bai san wani gida ba sai wannan.

Ba a daɗe ba hadari ya fara haɗuwa. To, akwai al'ada a dajin. Kafin ruwan farko, Dabgi yakan haƙa magudana don kada ruwa ya shiga ramin kanwa. Kuma ba ya sara ƙasa sai ya tara jama'a ya tambaya da ƙarfi ko wani yana da gida ko ajiya a inda ruwan zai bi.

Ya tara su. "Zan ja magudana yamma. Akwai mai abu?"

"Gidana na can, da jarirai a ciki," in ji Kurege.

"Gabas ke nan, ta wajen kututturen ƙirya. Akwai mai abu?"

Dabgi ya ga Burgu yana ta satar kallon kututturen.

"Baba, a ganina yamma ta fi gangare," in ji Burgu.

"A kan 'ya'yana?" in ji Kurege.

Zabuwa ta karkata kai. "Malam Burgu, ko kana da ajiya a gabas ne?"

"Ni? Me zan ajiye? Ko ƙwayar gero ban mallaka ba."

"Kowa ya ji?" in ji Dabgi.

"Mun ji."

Ya sara ƙasa, ya ja magudana tiryan-tiryan har gindin kututture.

Washegari da rana tsaka ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Dabgi ya fito ya duba aikinsa. Ruwa ya bi magudana lafiya lau, amma da ya isa kututturen sai ya ƙi wucewa, ya dinga zurarawa cikin wani rami a ƙarƙashinsa. Dabgi ya yi mamaki, don ba shi ya haƙa wannan ramin ba. Yana tsaye sai Burgu ya wuce shi a guje, ya faɗa ciki.

Da ruwa ya ɗauke, dabbobi suka fito. Barewa ta kafa baki a wani ɗan tafki da ya taru ƙasa da kututturen, ta ɗago da sauri.

"Wannan ai ruwan kanwa ne."

Dabgi ya sa farce ya buɗe ramin. Ga rumbu guda na kanwa, rabi ya narke. Ita Burgu yake tarawa don ya musanya da gyaɗar fatake. Ga shi nan kuma da kansa, ya cusa kanwa a kumatu don ya tsira da ita, har kansa ya ƙi fita ta ƙofa. Da jela aka jawo shi.

"Yawwa, Malam Burgu," in ji Zabuwa. "Yi mana bayanin harkar ma'adinai. Mu masu fukafuki muna sauraro."

"Mmm," in ji Burgu.

Dabgi ya tuntsire da dariya. Ba wanda ya taɓa jin dariyarsa a dajin, har Kurege ya tsorata ya hau bishiya.

Barewa ta sunkuyar da kai. "Baba, ka yafe mana. Tudu naka ne."

"Tudu na kowa ne," in ji Dabgi. "A cire zanar. A riƙa kallon mai kwasa. Ni ma a kalle ni."

Aka sa Burgu ya kwashe jiƙaƙƙiyar kanwar ya shanya a kan dutse, yana tafe yana waƙa, don a tabbata kumatunsa babu komai. Kanwar da ya haɗiye kuwa ita ma ta yi nata hukuncin, don ya daɗe yana zarya bayan gari.

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka haƙo daga ƙasa, kanwa ne ko zinariya, man fetur ne ko iskar gas, na jama'a ne. Dole a fito da shi fili, kowa ya ga abin da ya fito da inda ya tafi. Duk wanda ya ce kada ku leƙa, ku tambaye shi dalili. In ya ce kun cika surutu, ku sake tambaya.