Mai Asibiti da Ƙafafun Keziya

Akwai wani mutum mai ƙaramin asibiti a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, ma'aikatansa duka Baba suke ce masa. Kowace safiya sukan taru a zaure su yi addu'a, su sha koko tare, kafin a buɗe ƙofa.

Abu guda yake damunsa. Yawancin marasa lafiyarsa daga ƙauyuka suke zuwa. Da damina kuwa rafi yakan cika, har wasu su ƙarasa a hanya ba su iso ba. Sai ya ce a ransa, "Me ya sa mara lafiya zai riƙa neman magani? Bari magani ya je ya same shi." Ya ba kowane ma'aikaci babur da akwatin magani da waya, ya raba su ƙauye-ƙauye, kowa ya zauna a inda aka tura shi. Shi kuma ya tsaya a gari yana aika musu magani, yana kiransu da safe.

Kada wani ya ce ya yi kuskure fa! Abin ya yi kyau ƙwarai. Tsofaffin da ba sa iya tafiya suka samu mai auna musu jini a ƙofar ɗaki, yara suka samu rigakafi, mutane suna ta sa masa albarka.

A cikin ma'aikatan akwai wata mai suna Keziya, wadda aka tura ƙauyen da ya fi nisa, a hayin rafi. Ba ta daɗe da aure ba, mijinta kuma yana aiki a wani gari. Ashe lokacin da aka tura ta tana da ciki, na fari. To, kun san halinmu. Wace mace ce za ta buɗe baki ta gaya wa wanda take kira Baba cewa tana da ciki? Kunya ba za ta bar ta ba. Da a zauren nan ne, ba sai ta faɗa ba, manyan matan za su gani, su raɗa masa, a rage mata aiki.

Kullum ya kira yakan ce, "'Yata, yaya aiki? Yaya jiki?"

Ita kuwa sai ta ce, "Lafiya lau, Baba."

Ciki ya tsufa, ƙafafunta suka fara kumbura, kai yana sara mata, wani lokaci ido ya yi duhu. Ta san hawan jini ne, ta kuma san haɗarinsa ga mai ciki, don ita take gargaɗin wasu. Amma ta ce bari ta gama zagayen wannan wata tukuna, mutane suna jiranta.

Ran nan, ranar kasuwa, wata tsohuwa daga ƙauyen ta zo sayar da daddawa. Ta biya ta asibitin, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

Ta ce, "Likita, kai wane irin uba ne? Yarinya ciki ya kai haka, ƙafa ta ƙi shiga takalmi, kana hawar da ita babur cikin taɓo?"

Ya ce, "Iya, wace yarinya? Wane ciki? Ko yau da safe mun yi magana, ta ce lafiya lau."

Tsohuwa ta ce, "Haba! To me kake so ta ce maka?"

Nan take ya nemi mota ya kama hanya. Ya tarar da Keziya zaune a kan turmi, ba takalmi, fuska a kumbure, tana auna jinin wani tsoho. Ya karɓi abin awon ya ɗaura a hannunta. Ya ga jininta ya hau ƙwarai. Ya ɗauke ta zuwa babban asibiti. Likitoci suka ceci ranta, amma jaririn bai zo da rai ba.

Mutumin ya zauna a bakin gadonta ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce, "'Yata, ki gafarce ni. Na ji muryarki, na ɗauka na gan ki."

Bai janye ma'aikatansa daga ƙauyuka ba, gama aikin mai kyau ne. Amma tun daga nan shi da matarsa suke zagayawa wurinsu, ya zauna da maza, ita ta shiga ɗaki da mata.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana: mai asibitin nan mu ne, iyaye da dattawan ikilisiya da malamai. Ma'aikatan kuwa su ne waɗanda muka aika nesa, masu bishara a ƙauye, 'ya'yanmu a makaranta, ƙannenmu da suka tafi neman abinci. Waya ba laifi ba ce, kyautar Allah ce. Amma mutumin ƙasar nan ko yana mutuwa ka gaishe shi, lafiya zai ce maka. Wanda ya fi kowa ɗawainiya da mutane kuma, shi ne ya fi ɓoye nasa ciwon.

Ubangijinmu bai tsaya a sama yana aiko mana da gaisuwa ba. Ya sauko da kansa, ya shiga gidajen mutane, ya taɓa su da hannunsa.

Ni dai abin nan yana ba ni tsoro, domin kowannenmu yana da wanda ya daɗe bai sa a ido ba. Na san sunansa ya riga ya faɗo maka a rai. In an tashi daga sujada, kada ka kira shi. Ka je ka zauna kusa da shi, tun akwai sauran abin da za a ceta.