Ruwan Shuka Bai Jira Badaru Ba

A wani ƙauye kusa da Minjibir an yi wani magidanci mai suna Badaru. Manomi ne na gaske, sai dai bai yarda wani ya iya komai ba in ba shi ba. Ƙannensa biyu, Iliyasu da Khalilu, tare da shi suke noma gandun da mahaifinsu ya bari. Ga su da gemu, ga 'ya'ya, amma ko ciyawa ba sa tugewa sai da izininsa. Wanda ya yi gaban kansa kuwa, a gaban matarsa Badaru zai wanke shi tas.

A shekarun fari abinci ya ƙare a gidan, saura geron iri a rumbu. Kowa ya san in wannan ya salwanta babu wani. Badaru ya hana a taɓa rumbun.

"Ni zan tona ƙasa in ga ko danshin ya isa shuka," in ji shi.

Damina ta yi jinkiri. Da ya gaji da kallon sama, sai ya kora sa guda da ya rage musu zuwa kasuwar Kunci don ya sayar ya samo hatsi. Yana can, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Da safe maƙwabta suka bazu a gonaki da sungumi. Iliyasu ya tona ƙasa, ya ga danshi ya yi zurfi. Ya koma gida, ya tsaya gaban rumbu, ya kasa hawa.

Furera, matar Badaru, ta ce, "Ku buɗe mana! Ba ku ga yadda yaran nan suka koma ba?"

"In muka shuka ruwa ya ɗauke fa?" in ji Iliyasu. "Wa zai tsaya gaban Yaya?"

Khalilu ya ce, "Mu ɗan jira, ƙila yana hanya."

Haka suka yi ta kai-kawo tsakanin gona da bakin hanya, ba zama ba aiki, rana tana shanye danshin a kan idonsu. Abin tausayi, sun san daidai, tsoro ne ya ɗaure su.

Da Badaru ya dawo ya ga geron maƙwabta ya tsiro, nasa fili fayau, sai ya hau faɗa. "Me kuka zauna jira?"

Iliyasu ya ce, "Kai muke jira, Yaya."

Ruwa na biyu ya zo a makare, ya kuma ɗauke kafin gero ya yi ido. Maƙwabta suka sami ɗan abin sawa a baki, gidan Badaru kara kawai aka yanka. Ƙannen suka kwashe iyalinsu suka shiga Kano neman abinci, ba su sake noma tare da shi ba.

Darasin shi ne, shugaban da ya hana mutanensa yanke shawara yana koya musu tsoro ne, ba aiki ba. Ka nuna musu abin da ka sani, ka sakar musu hannu, in sun yi kuskure ka gyara ba tare da wulaƙanci ba. Ranar da ba ka nan, abin da ka saba musu da shi kaɗai za su yi.