Rabon Ɗigo a Kan Kirya

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama surutun.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun yi shiru.

To. Duk wanda ya katse ni, gobe shi zai share garken awaki.

An yi wata Damisa a wani daji mai duwatsu, can inda rafi ya raba ƙasa biyu. Ta haifi 'ya'ya biyu a kogo. Kura ta ɗauke ɗaya tun bai buɗe ido ba. Wanda ya rage namiji ne, yana da ɗigo uku a goshi, a zaune kamar duwatsun murhu. Sai ta sa masa suna Ɗigo.

Ba ta shagwaɓa shi ba. Ta koya masa laɓewa, ta koya masa tafiya iska na bugun fuskarsa, ta koya masa kamun wuya. Ranar da ya kuskure gada ya kwana da yunwa. Ita ma ta kwana da yunwar tare da shi, amma ba ta ce masa sannu ba.

A dajin nan akwai wata mata, sunanta Malama Tabawa. Aikinta bin sawun damisa, ba don ta kashe ba. So take ta san nawa suka rage, me suke ci, ina suke haihuwa, ina 'ya'yansu suke zuwa in sun girma. Tana ɗaura wasu 'yan akwatuna a jikin itatuwa, duk abin da ya gifta su ɗauki hotonsa. Da zanen jiki take gane kowace damisa, don babu biyu masu zane iri ɗaya. Tana kuma da kejin ƙarfe, takan rataye cinyar akuya a ciki. Wanda ya shiga, ta yi masa allurar barci, ta auna shi, ta duba haƙoransa, ta ɗaura masa wani abin wuya mai gaya mata inda yake, ta sake shi.

Ɗigo ya taɓa shiga, don kwaɗayi. Ya dawo yana layi, da abin a wuyansa. Uwar ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. Ita kuwa shekara uku tana wuce kejin nan, ko kallonsa ba ta yi. Takan ce, "Ni ba akuya ba ce da za a ɗaura mini igiya."

Da Ɗigo ya cika damina biyu, wuyansa ya yi kauri, sai ta kai shi bakin rafi ta ce, "Dajin nan ba ya ciyar da mu biyu. Babban namijin gabas kuma ya fara shinshina sawunka, in ya riske ka zai kashe ka. Ƙetare ka nemi naka."

Ya ce, "Inna, in ƙara kwana ɗaya mana."

Ta ce, "Ko rabin yini."

Ta daka masa tsawa, ta kai masa mari, amma faratanta a ɓoye. Ya ƙetare. Ya waiwayo sau ɗaya, ba ta ɗaga kai ba. Ya waiwayo sau biyu, ba ta ɗaga kai ba. Ya waiwayo sau uku, tana lasar ƙafarta. Sai da ciyawa ta rufe shi sannan ta ɗaga, ta yi ta kallon ciyawar har rana ta faɗi.

Tun daga ranar nama ya daina yi mata daɗi. In ta kama barewa sai ta ga ta ware cinya guda gefe, ba ta san ta ware ba. A bayan dutse akwai wani marke inda Ɗigo yake goga kumatunsa, ƙamshinsa yana nan a ɓawon. Kullum da yamma sai ta je ta shinshina, ta kwanta a gindinsa ta yi waƙa da muryar nan tata mai kama da zarto a jikin itace:

"Ɗigo, Ɗigo, ɗan goshi uku,
Wane rafi ka sha, wane dutse ka kwana?
Ni na ce ka tafi, ni na ce ka tafi,
Cinya tana nan, mai ci ba ya nan."

Dila yana laɓe yana ji. Waƙar ba ta dame shi ba, cinyar ce ta dame shi.

Ya fito ya durƙusa nesa kaɗan. "Ranki ya daɗe, uwar daji. Wai Ɗigo kike cigiya? Ai shekaranjiya muka rabu."

Damisa ta miƙe tsaye. "A ina?"

"Can bayan rafi, tafiyar yini biyu. Ni kin san ba na zama wuri ɗaya. In da saƙo, ai ni mai kaiwa ne."

Ta turo masa cinyar barewa. Ya ja ta ya sha kwana, ya zauna a gindin wata tsamiya ya cinye, ya yi barcin kwana huɗu. Ya dawo yana ɗingishin ƙarya.

"Malam Dila, me ya ce?"

"Ya ce a gaishe ki. Ya yi ƙiba har tafiya tana yi masa wuya."

Damisa ta yi ta juya maganar a ranta kamar mai tsotsar ƙashi. Bayan kwana bakwai ta ba shi gada sukutum. Ya ja ta ya sha kwana, ya zauna a gindin tsamiya ya cinye, ya yi barcin kwana huɗu. Ya dawo yana ɗingishi.

"Malam Dila, me ya ce?"

"Ya ce kullum sai ya yi mafarkinki. Har kuka ya yi, ni na share masa hawaye da wutsiyata."

Damisa ta ƙura masa ido. Ɗan da ta raina ba mai kuka a gaban dila ba ne. Amma zuciya tana so, sai ta haɗiye shakkar. A karo na uku ta ba shi ɗan gwanki, ta ce, "Wannan karon ba magana nake so ba. Ka ce ya goga kumatunsa a bayanka, ka kawo mini ƙamshinsa."

Dila ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ranki ya daɗe."

Ya cinye ɗan gwanki a gindin tsamiya. Da kwana huɗu suka cika, ya lallaɓa bayan dutse da tsakar rana, ya sami marken nan, ya goga bayansa, ya goga, ya goga, har ɓawon ya yi santsi. Ya zo ya juya mata baya yana taƙama.

Damisa ta shinshina sau ɗaya. Ta ce, "Malam Dila, wannan ƙamshin yaro ne, ba na namijin da ya yi wata biyar yana ci da kansa ba. Kuma akwai ɗacin marke a ciki."

Kafin ta ɗaga hannu Dila ya faɗa ramin dabgi. Ba ta tsaya tona shi ba. Ta ruga bayan dutse, ta sa hanci a jikin marken. Ta bi sama, ta bi ƙasa, ta zagaya. Babu Ɗigo. Warin dila kawai.

Ranar ba ta yi waƙa ba.

Da gari ya waye, Malama Tabawa ta zo duba kejinta, sai ta tsaya cik. Ga Damisa a ciki a zaune, ƙofa a rufe, cinyar akuya tana rataye ba a taɓa ta ba. Ta ɗaga bindigar allura.

Damisa ta ce, "Ajiye allurarki, baiwar Allah. Da ƙafata na shigo."

Tabawa ta ce, "Shekara uku ina roƙonki da akuya, Uwar Ɗigo."

"Ba akuya ta kawo ni ba. Kin ɗaura wa ɗana igiya, an ce tana gaya miki inda yake. Yana da rai?"

Tabawa ta buɗe ƙofar, ta zauna a ƙasa, ta zaro hotuna daga jakarta. Na farko Dila ne a gindin tsamiya da cinyar barewa. Na biyu Dila da gada. Na uku Dila a kwance, ciki ya yi tulu, ƙafafu a sama. Ashe akwai akwati a jikin tsamiyar.

Damisa ta ce, "Wuce wannan. Na san shi."

Sai Tabawa ta ajiye na huɗu. Wani namiji ne dogo, haƙarƙarinsa a waje, da tabo a kafaɗa, yana tsaye a kan mugun dawa. Damisa ta kawo fuskarta kusa. Ta ƙirga goshin: ɗaya, biyu, uku. Ta shinshina takardar, ba ta ji komai ba. Ta sake ƙirgawa.

Ta ce, "Ya rame."

"Ya rame. Amma shi ya kashe wannan, shi kaɗai."

"Ta wuya ya kama?"

"Ta wuya."

Damisa ta ce, "To." Ta kawar da kai gefe, ta daɗe ba ta juyo ba.

Suka hau kan dutse tare. Tabawa ta ɗaga wani ƙarfe mai kama da ƙashin kifi, ta juya shi yamma, ta murɗa wata 'yar rediyo. Da fari shuuu kawai ake ji. Can sai ga shi, ƙasa-ƙasa: ƙit, ƙit, ƙit.

Ta ce, "Shi ne. Ya ƙetare rafi, ya ƙetare kwalta, ya sami duwatsun da ba mai su. In kin ji yana yi da sauri, tafiya yake. In a hankali, yana kwance."

"Yanzu fa?"

"Tafiya yake."

Damisa ta kwantar da kunnenta a jikin rediyon. Ta ce, "Zai dawo?"

"Ba zan yi miki irin ta Dila ba. Mace takan zauna kusa da uwarta. Namiji kuwa, tun da nake aikin nan ban ga wanda ya dawo ba."

"Ke kina magana kamar wadda ta sani."

Tabawa ta yi 'yar dariya. "Nawa ɗan yana bayan teku, yana irin aikina. Can akwai wata 'yar'uwarku, jaguwa suke ce mata. Ta fi ki kauri, tana da ɗigo a cikin zanenta, tana iyo kamar kada, tana fasa ƙoƙon kunkuru da haƙori. Ita yake bi. Damina huɗu ke nan ban sa shi a ido ba."

"Wa ya kore shi?"

"Ni na kai shi tasha."

"Kin ɗaga kai?"

"Sai da motar ta ɓace."

Damisa ta dube ta sama da ƙasa. Sannan ta miƙa wuyanta ta ce, "Ɗaura mini igiyar, 'yar'uwa. In kin je duwatsunsa, ki juyo ƙashin kifin nan wajena, ya ji ina nan. Kada ki ce masa na yi waƙa. Ki ce ya kiyayi hauren mugun dawa, ta ƙasa yake sara."

Daga nan, duk ranar Laraba Tabawa takan hau dutse da rediyonta, Damisa ta kwanta a gefe. Ƙit, ƙit, ƙit. Ba sa yawan magana. Ɗaya tana sauraron yamma, ɗaya tana kallon inda teku yake.

Sai wata Laraba, bayan damina biyu, ƙarar ta zo a hankali. Laraba ta gaba ma a hankali, kuma daga wuri ɗaya. Damisa ta ce, "Ba a kwanciyar kwana bakwai." Tabawa ta ɗaura takalminta ta ƙetare rafi.

Kwana uku Damisa ba ta ci ba, ba ta sha ba, tana kan dutse. A rana ta huɗu ta hango Tabawa tana tafe da abu a hannu. Abin wuyan ne, babu Ɗigo a ciki.

Tabawa ta ɗaga murya tun daga nesa, "Kwantar da hankalinki, Uwar Ɗigo! Haka aka yi shi, in ya daɗe da kansa yake tsinkewa ya faɗi. Na ga sawunsa na jiya, ya fi tafin hannuna. Amma daga yau ba za mu ƙara jin sa ba."

Ta ajiye mata shi a gaba. Gashi ya maƙale a jikin fatar, fatar ta yi baƙi da gumi. Damisa ta sa hanci. Ba ƙamshin yaro ba ne. Na babban namiji ne, mai ƙoshi, mai dajin kansa. Amma can ƙarƙashi, can ƙasa, ga ɗan da ta lasa a kogo.

Ta ɗauki abin a baki, ta hau wata doguwar kirya, ta rataye shi a reshen da ya fi nisa da ƙasa, inda babu bayan da zai gogu da shi. Da ta kama barewa, ta ja ta har can sama, ta ci nata, ta bar cinya guda kusa da shi.

Dila ya zo gindin kiryar ya ɗaga kai, yawu yana zuba. "Ranki ya daɗe, ko akwai saƙo?"

Ta ce, "Akwai. Hau ka ɗauka."

Har yau bai iya hawa ba. Shi ya sa in kun ga damisa ta kama nama, sama take kai shi, dila kuwa yana ƙasa yana ta zagaye, wuyansa ya ƙage. Kuma ba ta cinyewa duka. Ta san mai rabon ba zai zo ba. Tana dai ajiyewa.

Ku kuma ku ji. In kewar naku ta kama ku, kada ku ba mayunwaci saƙon nama don ya kawo muku magana mai zaƙi. Ku sauke girman kai ku je wurin wanda zai nuna muku da ido, ko abin zai yi ɗaci. Ranar da na kore ku daga gindina kuma, ku tafi, kada ku tsaya waiwaye. Ba ruwanku da abin da nake ajiyewa a cikin ƙwarya.

Ƙurunƙus, kan dila a gindin kirya. Ku tashi, ku kakkaɓe mini tabarmata.