Manomin Albasa da Layin Gida

Akwai wani mutum, manomin albasa, da ya yi lodin buhunansa a ƙarshen rani ya nufi Kumasi ta ƙasar Gana, shi da abokinsa Zakka. A gida ya bar tsohuwarsa da 'yar waya mai madannai. Ba ta san komai a cikinta ba sai madanni guda: ta danna, ɗanta ya amsa.

Suna ƙetare iyaka masu sayar da layi suka yi musu caa. Wannan ya ce layinsa data kamar ruwan kogi, wancan ya ce nasa har da gyara. To, wayar manomin nan ta sha faɗuwa, ramin layi guda ne ya rage mata mai aiki. In ya sa na Gana, na gida ya fita. In ya bar na gida a ciki, data a baƙuwar ƙasa tsada gare ta kamar wuta, sai dai ya riƙa lallaɓa intanet ɗin kyauta na masauki, mai tafiyar hawainiya.

Zakka kuwa, da yake tasa rami biyu ce, ya cika su duka da layukan Gana, ya naɗe na gida a leda ya cusa ƙasan jaka.

"Kai dai ƙauyanci ba zai bar ka ba," in ji Zakka. "Ka sa na nan mana, in ka so gida ka kira su."

Manomin ya ce, "In su suka so ni fa?"

Ya bar layin gida a inda yake. Kullum da safe ya tsuguna bakin ƙofar mai masauki, ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, kafin hoton albasarsa ya isa wurin dillali. Zakka na kan tabarma yana kallon ƙwallo, yana yi masa dariya. Manomin bai damu ba. Albasarsa tana tafiya, tuwonsa yana shiga.

Ran nan da hantsi, ana tsakiyar ciniki, waya ta yi ƙara.

"Kai ne?"

"Ni ne, Inna."

"To, ruwan shuka ya sauka jiya, ƙasa ta jiƙu sharaf. Mun birkice gidan nan kaf. Ina ka ɓoye irin gero?"

Ashe kafin ya taso, don tsoron ɓera da kuma tsoron kada a daka a sha kunu, ya zuba irin a tulu, ya rufe da toka, ya liƙe bakin da laka, ya binne bayan ɗakin awaki. Ba wanda ya sani sai shi. Laimar ruwan farko kuwa ba ta jiran kowa; in rana ta buɗe, shi ke nan.

Ya faɗa mata wurin. Tsohuwa ta ce, "Madalla, yau za a shuka. Wannan Zakka yana kusa? Ka ce masa matarsa ta gaji. Duk ta kira shi wata mata ce ke amsawa da Turanci. Makullin rumbu yana aljihunsa, nasu irin kuma yana ciki."

Zakka ya zazzage jaka a tsakiyar kasuwa, yana neman leda.

To, ga ma'anar misalin, ku buɗe kunne. Tafiyar ita ce zamanmu a duniya, layin gida kuwa kunnen zuciya ne da Ubangiji yake kiranmu ta ciki. Da yawanmu Zakka ne, kada wani ya waiwayi na kusa da shi! Mun cika ramukan duka da hayaniyar kasuwa, muna cewa in mun matsu ma yi addu'a. Wato kai ne mai kira kullum, Shi kuma ya zauna jiranka? Ai akwai ranar da Shi zai neme ka, don wani iri da ya damƙa maka, wanda ba mai sanin inda yake sai kai: haƙurin da za ka ba ɗan'uwa, maganar da za ta ta da wanda ya faɗi. Ƙasar ma ba kullum take da laima ba.

Sayi datarka, yi cinikinka, ba zunubi ba ne. Amma ka bar rami guda, domin ranar da aka danna daga gida a ji ka ce, "Ni ne."