Makullin Cocin Gidan Fenwold

Akwai wani dattijo a ƙauyen da na daɗe ina zaune a arewacin Ingila, sunansa Aubrey. Ba mai kiransa da sunan sai matarsa, ita kuma ta rasu da jimawa. Kowa Lord Fenwold yake ce masa, domin shi ne Earl na Fenwold, wata sarautar gado ta Turawa, na goma sha ɗaya a jerin waɗanda suka riƙe sarautar.

Mutumin nan ban taɓa ganin mai ji da asali irinsa ba. In ka gaishe shi, sai ya tsaya kamar yana tuno wane ne kakanka kafin ya amsa.

A bayan gidansu akwai wani ɗan coci na dutse. A bangonsa an sassaƙa sunayen masu sarautar tun daga na farko, an bar fili a ƙasa saboda masu zuwa. Duk magajin gidan a nan ake ɗaura masa aure, makullin kuma ba ya barin hannun mai sarauta.

Ɗansa ɗaya ne tal, Crispin. Shi kuma ya rasa wadda zai so duk faɗin ƙasar sai Bryony, 'yar mahaucin ƙauye, wadda take kawo musu naman rago na ranar Lahadi ta ƙofar kicin.

Ba yabon abin da suka yi nake ba, amma kafin a kai ga maganar aure Bryony ta samu ciki. Crispin ya je ya sami mahaifinsa yana shan shayi, ya gaya masa gaskiya, ya roƙi makulli.

Ya zaci za a yi faɗa. Sai tsohon ya ajiye kofi a hankali, ya ce, "To ai shi ke nan, tunda ka zaɓa. Sai dai rufin cocin yana yoyo. Ba zan tara mutane ruwa yana ɗiga musu a ka ba. Ka bari a gyara."

"Baba, lokaci fa yana tafiya."

"Na iya lissafi, Crispin. Kafin ta haihu an gama."

Dokar sarautar ba wanda ya fi tsohon saninta. Ɗa namiji ne yake gado, kuma sai wanda aka haifa bayan an ɗaura auren iyayensa. Wanda ya riga ɗaurin aure zuwa duniya, ko daga baya iyayen sun yi aure, zai iya cin gida da gona in an bar masa, amma sarauta ta wuce shi har abada.

Lissafin tsohon shi ne: in yaron ya zo babu aure, jinin mahauta bai shiga bangon coci ba. Crispin kuma yaro ne, zai gaji da ita, ya dawo ya auri 'yar gidan da ya dace.

Bryony ta yi ta fama da Crispin. "Don Allah mu je ofishin ɗaurin aure na hukuma. Shaidu biyu ne kawai, kafin shayi ya huce an gama."

Ya yi dariya. "A ofis? Kamar masu biyan tara? Kakannina duk a cocin nan aka ɗaura musu. Baba ya yi alkawari, ki ƙara haƙuri."

"Kai da kakanninka. Su ne za su yi naƙudar?"

Bai ji ba. Shi ma ɗan gidan ne, abin yana jininsa. Kullum ya tambaya sai a ce masu gyara suna hanya, ko an yi ruwa, alhali garin nan yaushe ne ba a ruwa?

Naƙuda ta zo kafin lokacinta. Bryony ta sha wuya ƙwarai, ta haifi namiji, aka sa masa suna Jasper. Likitoci suka ce ta tsira da ranta, amma ba za ta sake haihuwa ba.

Da ta samu sauƙi suka je ofishin da Crispin ya raina, aka ɗaura. Tsohon bai je ba. Ya ci gaba da jiran ranar da ɗansa zai sake ta.

Ranar ba ta zo ba. Jasper yana makarantar firamare motar gona ta kife da Crispin a kan gangare, ko asibiti ba a kai da shi ba.

Bayan an binne shi ne tsohon ya tsaya gaban bangon sunayen nan, ya dubi filin da ke ƙasan sunansa. Ya sa lauyoyi suka shiga neman wani namiji a dangi, komai nisansa. An je Kanada, an je Ostireliya. Ba abin da aka samo sai kaburbura da 'ya'ya mata.

Ya koma kan jikansa. Ya ce wa babban lauyansa, "Jinina ne. Ka dubi hancinsa, ka dubi hoton kakana. Iyayensa sun yi aure."

"Ranka ya daɗe, sun yi, amma bayan an haife shi."

"'Yan makonni ne fa tsakani."

"Ko wuni ɗaya ne, ranka ya daɗe. Gida da gonaki ku bar masa. Sarauta kam, in kun tafi ta tafi."

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, Jasper ya tashi ya zama duk abin da tsohon yake so a magaji. Ya san kowace gona da kowane manomi. Mutanen ƙauye da ke tsallaka titi in sun hango kakan, su ne ke tare jikan suna hira. Tsohon da ya ƙi zuwa ganinsa yana jariri ya zamana ba ya iya cin abinci sai da shi.

Har wasa suke yi. Jasper ya kan ce, "Kaka, ka tsufa, ka ba ni sandar nan in kora tumaki da ita."

Shi kuma ya ce, "Tafi can, jikan mahauci." Amma yanzu da dariya yake faɗa.

Jasper ya san ba zai gaji sarauta ba, kuma ya san dalili kamar yadda kowa ya sani: rufi ya yi yoyo, gyara ya makara, shi kuma ya yi gaggawar zuwa. Ya ɗauke shi ƙaddara.

Da ya tashi aure ya zo ya gaya wa kakansa. Tsohon ya ciro makullin daga aljihu, ya miƙa masa tun bai roƙa ba.

Jasper ya juya makullin yana murmushi. "Kaka, ka dai tabbata rufin ba ya yoyo? Kada a maimaita."

Tsohon ya ajiye kofin shayinsa. Da ya yi dariya kawai da an wuce wurin. Amma abin ya daɗe yana cinsa.

"Bai taɓa yoyo ba," ya ce.

"Ban gane ba."

"Ko ɗigo ɗaya. Ban kira mai gyara ba. Jira nake a haife ka."

Jasper ya daɗe yana kallonsa. Bai ɗaga murya ba. "Babana ya mutu yana cewa laifinsa ne da bai ji maganar Mama ba. Ka san haka?"

"Na sani."

"Sarautar ba ta dame ni ba, Kaka. Amma ina ciki ka ƙi ni, ko ganina ba ka yi ba."

Ya ajiye makullin kusa da kofin shayi, ya fita. A ofis aka ɗaura aurensa. Ya ɗauki matarsa suka koma kudu, ya kama aikin gona a ƙasar wasu. Tsohon ya aika ya aika, bai dawo ba.

Da ciwo ya kwantar da tsohon, ba wanda ya zauna da shi sai Bryony. Ita ke ba shi miya a baki, ita ke juya shi.

Wata rana da safe ya ce mata, "Bryony, akwai abin da ban gaya miki ba game da rufin nan."

"Na sani, Baba. Ta bayan cocin nake bi in kawo nama. Ban taɓa ganin ko tsani a jingine ba."

"Me ya hana ki gaya wa yaron?"

"Ya rasa uba. Ban so ya rasa kaka ba. Ku kuka gaya masa da bakinku."

Ta gyara masa bargo, ta ce an yi wa Jasper haihuwa, namiji, lafiyayye. Tsohon ya tambayi sunan. Crispin aka sa masa.

Ya juya fuskarsa bango yana kuka. Ga ɗa, ga jika, ga tattaɓa-kunne, maza a jere, jininsa tsantsa, kuma ba ɗaya da zai gaji sarautar.

Har tsohon ya mutu bai ga jaririn ba. Jasper ya zo jana'iza, ya tsaya a baya, ya koma a ranar. Gidan da aka bar masa ya sa a kasuwa.

Na shiga cocin bayan an sassaƙa shekarar mutuwar tsohon. Mai sassaƙar ya ja layi a ƙasan sunansa, filin da ya rage babu komai. Ana ruwa sosai ranar. Na ɗaga kai na duba, rufin bushe yake.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka rufe wa wani ƙofa don ka raina asalinsa. Wanda ka ƙi yau, wataƙila shi kaɗai ne zai rage maka gobe, kuma akwai ɓarnar da nadama ba ta gyara ta. Ku tura wannan ga iyaye da masu riƙe da makullin rayuwar wasu, ko wani zai buɗe tun da sauran lokaci.