Dila da Butar Shugaba

Ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku gyara zama, ba na maimaita magana.

Namun daji suka zaɓi Zaki shugaba, zai yi damina huɗu. Aka ce Dila ya zama mataimaki. Ya ce, "Aikin me?"

Aka ce, "Ɗaukar buta."

Ya ce, "Buta? Ni? Ku ba ni rabon nama dai."

Aka ba Bushiya butar. Ana tafiya tana biye, ana tafiya tana biye.

Damina ta uku Zaki ya kwanta, bai tashi ba. Wajen makoki tsohon Kunkuru, mai riƙon doka, ya ce, "Ba gado, ba sabon zaɓe. Mataimaki za a rantsar yau, ya ƙarasa daminar da ta rage. Kujera tasa, cinya tasa."

Dila ya ji an ce cinya. Ya lallaɓa ya sure butar, ya faɗi yana birgima. "Wayyo maigidana! Ni ne mataimaki na ɓoye. Bushiya riƙe mini take yi!"

Kunkuru ya ce, "Allah sarki. To, Malam Dila, ɗebo ruwan wankan gawa."

Ya je rafi, ya cika, ya dawo. Buta wayam. Ya koma, ya cika, ya dawo. Buta wayam. Na uku ya zo a guje, ƙafafu jage-jage, buta wayam.

Bushiya ta ce, "Yaya Dila, kawo." Ta zare ƙaya ɗaya daga bayanta, ta toshe hujin da ke gindin butar. "Damina uku kullum haka nake yi. Marigayi ya ƙi a sake masa wata."

Kowa ya zuba wa Dila ido. Gara ma a ce dariya aka yi. Dila ya dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi tsagewa. Matarsa ta ja gyale ta rufe fuska, surukansa suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Can ya ce, murya ciki-ciki, "Dama gwada ta nake yi."

Kura ta ce, "A ba ni shi in gwada."

Aka rantsar da Bushiya. Ta ce, "A bar shi, Kura. Kujerar mataimaki ba kowa, ga kuma mai son buta."

Ta miƙa masa, ta zare ƙayarta. Damina guda yana biye da ita, yatsa a huji, kai a ƙasa.

Ƙurunƙus kan kusu! Wanda zai saci mulki, ya fara leƙa gindin buta. Ku tashi, tukwane ba sa wanke kansu.