Tulun Iya Tasalla da Kujerar Alhaji

Wai da aka tashi kafa gidan tarihi da kimiyya na ƙasa, shugaban kwamitin, Alhaji Maikano, ya raina duk kayan da aka tattaro: wannan ya yi tsatsa, wancan ya tsage. Sai ya sa aka kira Iya Tasalla, maginiyar da ke gasa tukwanenta a gefen filin da za a gina gidan.

Ya ce, "Iya, tulu nake so mai shekara ɗari biyar, amma sabo fil, kada baƙi su ce mu matsiyata ne. In babu, ki kwashe tarkacenki ki bar mana wurin."

Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ranar kasuwa sai ga ta, tulu a ka, kujera a hannu.

Alhaji ya shafa tulun ya ce, "Iya, wannan ai ko hucewa bai yi ba."

"Ba sabo ka ce ba? Na gama nawa. Shekarun kuma suna tafe. Sai dai tulu ba ya kai su da sabuntarsa sai da mai gadi."

"Kujerar fa?"

"Taka ce, zauna ka tsare shi. In baƙi sun riga shekarun isowa, sai su fara da kallonka. Ai kai ma ka kwana biyu."